Ruwan lagireto yana raguwa, amma babu ɗigo a ƙasa

Direba daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin mota. Motata ƙirar 2008 ce, mai silinda huɗu, kuma tun shigowar bazara nake lura da cewa ruwan da ke cikin robar ajiya yana sauka daga layin sama zuwa na ƙasa cikin kwana biyar ko shida, musamman idan na je Kano na dawo. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ban ga ko ɗigo ɗaya ba. Allurar zafi ba ta wuce tsakiya, baƙin mai kuma bai sauya launi ba. Bakaniken da na kai wa ya ce gasket ɗin saman inji ne ya ƙone, wato faifan da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, sai an buɗe inji, amma hankalina bai kwanta ba domin ko gwaji ɗaya bai yi ba. Me ya kamata in fara dubawa?

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a kwance inji tukuna. Kwalin da ka shimfiɗa bai wanke motar daga zargin yoyo ba, domin ƙaramar ɓula sau da yawa ba ta buɗewa sai inji ya ɗauki zafi matsi ya taru, ruwan kuma ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya ƙafe kafin ya kai ƙasa. Abin da yake bari shi ne busasshen tabo, fari ko mai launin ruwan da ka zuba, saboda haka ka ɗauki tocila ka bi bakin kowane tiyo, da mahaɗar roba da alminiyon a saman lagireto, da ƙasan famfon ruwa inda yake da ɗan rami da ke zubarwa idan ya fara gajiya.

Ka duba murfin lagireto ma, wanda mutane suka fi rainawa. Yawancinsu suna riƙe matsi na kimanin 0.9 zuwa 1.1 bar (ma'aunin matsi ke nan), adadin yana rubuce a kansa, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwan zai riƙa fita a tururi. Bayan haka ka nemi garejin da ke da famfon gwajin matsi, a hura zuwa adadin da ke kan murfin, a jira minti 15 a ga ko allura za ta sauka. Kada ka taɓa buɗe murfin inji na da zafi; na ga wanda ya ƙone har fuska.

Mai gyaran injuna, Kaduna:
Na yarda da Baba, sai dai tsabtar baƙin mai ba ta isa ta wanke gasket ba, domin yana iya tsagewa tsakanin hanyar ruwa da silinda kawai, inji ya riƙa ƙona ruwan yana fitarwa ta salansa. Alamominsa su ne farin hayaƙi mai ɗan ƙamshin zaƙi da ba ya yankewa bayan mota ta yi zafi, kumfa da ke tasowa a bakin lagireto, rawar inji a tashin farko na safe, da fulogi guda da ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi. Akwai kuma ruwan gwaji shuɗi da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji yana shiga ruwa. Sannan ka taɓa kafet ɗin gaba a gefen fasinja, domin ƙaramin lagireton hita yana bayan dashbod, kuma a yawancin motoci ruwa na bi ta cikinsa ko ba a kunna shi ba.

Direba daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. An yi gwajin matsi jiya, allura ta riƙa sauka a hankali, sai ga danshi a wani ɗan tiyo da ke bayan inji, wanda kilif ɗinsa ya yi tsatsa ya ci robar. Ruwan gwajin bai sauya launi ba, kafet kuma a bushe yake. An sauya tiyon da murfin. Saura in tambaya, Baba: tun da na yi makonni ina ƙara ruwan famfo, sai an zubar da duka?

Tsohon bakanike:
Ƙwarai kuwa, Malam. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse suna kawo tsatsa da datti a cikin lagireto. A zubar, a wanke, a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, irin wanda littafin motar ya ambata, a fitar da iskar da ta maƙale, sannan ka yi alama a jikin robar ka riƙa dubawa kowace safiya har mako biyu. Tsohon ruwan kuma a kawar da shi nesa da yara da dabbobi, domin yana da zaƙi kuma guba ne.