Miter saw ya yi jifa da guntun katako ta gefen kunnena, ina na yi kuskure?

Sabon_Kafinta:
Salam jama'a, don Allah masu aikin katako ku taimaka min. Kwanan nan na fara aiki da miter saw, zarton lantarkin nan da ake sauko da shi daga sama a yanka kwana, nawa mai faifai inci 10 ne kuma irin mai zamewa gaba da baya. Jiya ina yanka firam a digiri 45, na gama na ɗaga shi ke nan sai na ji tau! ɗan guntun da ya rage ya wuce ta gefen kunnena ya daki bango, wlh har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Injin ne da matsala ko ni ne ban iya ba? Sannan ko in riƙa sa safar hannu?

Baba_Mai_Zarto:
Wa'alaikumussalam yarona, Allah ya ƙara kiyayewa. Injinka lafiyarsa ƙalau, ɗagawar da ka yi faifan bai tsaya ba ita ce matsalar. Abin nan yana juyi wajen sau 4,000 zuwa 5,000 a minti ɗaya, in ka ɗago shi yana gudu haƙori ɗaya ya taɓa guntun shi ke nan ya zama harsashi. In ka gama yanka ka saki maɓallin, ka bar kan zarton a ƙasa yadda yake har sai ka ga haƙoran da idonka sun tsaya cak, tukunna ka ɗaga. Na san da gajiya in kana da yanka hamsin a gabanka, amma haka nake yi kullum kuma yatsuna goma cif.

Tunda naka mai zamewa ne, ka fara jawo kan zuwa wajenka, ka kunna ya ɗau gudu, ka saukar, sai ka tura shi gaba. Kar ka taɓa yanka kana jawowa, hawa katakon zai yi ya taho maka da ƙarfi.

Safar hannu kuwa a'a, cire ta. Haƙori na kama zare ɗaya hannun gaba ɗaya zai ja. Haka hannun riga mai faɗi, naɗe shi.

Ummu_Firam:
Sannu ɗan'uwa. Ni abin da zan ƙara shi ne ƙananan guntaye, su ne suka fi cutar mutane, mutum ya ce ai ɗan kaɗan zan rage sai ya kai yatsa dab da faifai. Littafin injin yawanci cewa yake kar hannu ya matso ƙasa da milimita 100, ni dai santimita 15 nake bari, in katakon bai kai in riƙe shi daga nan ba to kilam (abin matse katako a jikin injin) nake sawa ko in yanko daga dogo. Kuma ka duba katakon in ya lanƙwashe, bayan lanƙwasar shi ake jinginawa da ƙarfen madogarar (wanda ke tsaye ta bayan teburin injin) ta yadda babu rata a daidai wurin yanka, in akwai rata katakon zai matse faifan ya fizge. Na taɓa ganin haka da idona, katakon ya tsage biyu a hannun mai yankan. Tabarau na kariya dole, da abin toshe kunne, MDF (allon da aka yi da matsattsen garin katako) kuma sai da takunkumi saboda ƙurar.

Injiniya_Shiru:
Duk sun faɗa. Kar ka giciye hannuwa, kar ka ɗaure murfin faifan da waya wai don ka ga layi. Za ka canza faifai cire filogi daga soket tukunna, kuma ka duba ƙusa a tsohon katako.

Sabon_Kafinta:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya da Injiniya. Gaskiya ɗagawa nake yi tun yana gudu, kuma jawowa nake ina yanka, babu wanda ya taɓa nuna min. Yau na gwada yadda kuka ce guntun ko motsi bai yi ba. Sai dai Hajiya kilam ɗin da ya zo da injin ba ya kama siririn katakon firam, zamewa yake in na juya zuwa 45, ke ya kike yi da naki?