Neman shawara: wane katin girafik zan saka wa kwamfutata da naira dubu 250?

Ɗan Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani kafin in kashe kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ina da kwamfutar tebur, Dell OptiPlex 7040 mai dogon akwati, tokumbo ce, yayana ya bar mini da aka mayar da shi aiki Yawuri. Firosesa i5-6500, RAM 8GB sanda ɗaya, SSD 256GB, babu katin girafik. GTA V tana buɗewa amma da ƙyar take tafiya, gem ɗin ƙwallo na EA FC kuwa ko kusa. Ni dai burina in buga ƙwallo da GTA a 1080p ba tare da tsaye-tsaye ba. Kuɗina naira dubu 250 ne, babu ƙari. Wani mai shago a Kano ya turo mini hotunan kati biyu na hannu: RX 580 mai 8GB, wanda zai bar mini canji mai kauri, da GTX 1660 Super mai 6GB, wanda zai cinye kusan duka. Ya ce in ɗauki RX ɗin tunda gigarsa ta fi yawa. A gida muna da inbata da batir ɗaya mai 200Ah. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam. Ɗauki RX 580 ka huta, malam. Ni shi nika amfani da shi, babu gem ɗin ƙwallon da bai ja ba. 8GB hwa ba wasa ba ne.

Mai Gyara na Jega:
Ƙanena, kada ka tura kuɗi tukuna, domin yadda kwamfutarka take yanzu babu ɗaya daga cikin biyun da zai yi aiki a cikinta. Kashe ta, cire wayar wuta, buɗe murfin gefe, ka duba takardar da ke manne a jikin fawa-fak, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta. Irin wannan akwatin wat 240 yake zuwa da shi. Sannan ka bi wayoyin da suka fito daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba za ka ga waya mai fil 6 ko fil 8 ta katin girafik ba. Don ofis aka ƙera ta.

Ramin da ake soka kati a jikin bod, wato babban faifan da komai ke haɗuwa a kansa, wat 75 kawai yake iya bayarwa. RX 580 yana shan wat 185, GTX 1660 Super yana shan 125. Ragowar dole ta zo ta waccan wayar da ba ka da ita. Za ka ji wani ya ce akwai 'yar wayar da ake jonawa daga ta SATA, wato wadda ke kai wa SSD wuta, mai araha ce a kasuwa. Na roƙe ka don Allah kada ka yi. Wayar SATA ba ta wuce wajen wat 54, kuma an sha kawo mini kwamfuta a shago robar ta narke ta manne da fil, tana warin ƙuna. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Canja fawa-fak ɗin ma ba a nan take ba, saboda wayar da ke shiga bod ɗin ba irin ta gama-gari mai fil 24 ba ce, kuma mazauninsa a akwatin siriri ne, na kasuwa ba ya zama daidai. Don haka tambayarka ta gaskiya ita ce: wane kati ne ba ya buƙatar wayar ƙari? Su ne GTX 1650 mai 4GB, wat 75, da RTX 3050 mai 6GB, wat 70, wanda ya fito a 2024. Ko su ma ka duba hoton saman katin, domin wasu kamfanonin sukan saka wa 1650 ramin fil 6. Kuma kada a ruɗe ka da RTX 3050 mai 8GB, shi wat 130 ne, sai da waya.

Ɗan Argungu:
To amma Injiniya, mi za a yi da 4GB a wannan zamani? Ai gara ya canja akwati da fawa-fak gaba ɗaya da canjin da zai rage.

Mai Gyara na Jega:
Bod ɗin ba ya zama a akwatin kasuwa cikin sauƙi, ramukan nocinsa da wayar madannin kunnawa duk nasa daban ne. In aka bi ta nan, sabuwar kwamfuta ake haɗawa, kuma dubu 250 ba ta kai can ba. Maganar 4GB kuwa kana da gaskiya, shi ya sa na fi son ya nemi 3050 mai 6GB in kuɗin ya kai. Ya fi 1650 ƙarfi sosai, ko da yake a yawancin gem bai kai 1660 Super ba.

Malamin Sola, Gesse:
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Batir 12V mai 200Ah, in ka ninka, wat 2,400 ne na awa ɗaya a takarda. Amma batir mai ruwa in kana son ya yi maka shekaru ba a wuce rabinsa, wato 1,200 ke nan, kuma inbata ma tana cin nata. Firosesarka wat 65 ce. Ka haɗa ta da kati mai 75 da monita, kana kusa da 170 zuwa 180 lokacin da gem ya ɗauki zafi. Ka haɗa ta da RX 580, ka doshi 300. Yanzu ka tuna wannan batirin shi ne ke riƙe da fankar Hajiya da fitilun gida. A watan Afrilu, da dare, in inbata ta fara kuka ƙarfe ɗaya saboda kana buga ƙwallo, kai ka san abin da zai biyo baya.

Ga kuma zafi. Duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa cikin akwatin. Garin da rana ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ɗaki babu AC, akwatin da ke da 'yar fanka ɗaya, kati mai wat 185 zai yi ta rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Sai ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka gani ba. Kuma kada ka jona kwamfutar kai tsaye a ƙaramin janareta, ka bi ta UPS ko inbata.

'Yar Kalgo:
Ni aikin haɗa bidiyon biki nake yi, kuma GTX 1650 nake amfani da shi a irin wannan kwamfutar ta ofis. Ƙannena suna buga GTA V a kai lafiya lau, ai gem ɗin tun 2015 ya zo kwamfuta. Abin da zan ƙara shi ne RAM. Sanda ɗaya mai 8GB ta yi kaɗan. Kamfanin EA da kansa 8GB ya rubuta a matsayin mafi ƙaranci ga FC 24, ya ba da shawarar 12GB. Ka ware wani abu ka sayi DDR4 8GB ta biyu, su zama biyu suna aiki tare, za ka ga tsaye-tsayen sun ragu. A kati kuwa mafi ƙarancin da suka rubuta GTX 1050 Ti ne ko RX 570, don haka 1650 ya haye, sai dai ba za ka ƙure saitin ba. Firosesarka ce ma a bakin iyaka, domin i5-6600K suka sa. Nan gaba in ka samu hali, i7-6700 tana shiga bod ɗin nan.

Ɗan Badariya:
Na gode Anti. Injiniya, na buɗe, wat 240 ne kamar yadda ka ce, kuma babu wayar. Na faɗa wa mai shagon, sai ya ce yana da RX 6400 da GTX 1050 Ti sabo a kwali da araha sosai. Ga hoton bayan 1050 Ti ɗin ya turo: HDMI ɗaya, DVI ɗaya, da wani shuɗi mai ramuka 15.

Mai Gyara na Jega:
Wannan shuɗin VGA ne, kuma shi ya tona asirin katin. GTX 1050 Ti na gaske da wuya ka gan shi da VGA, tun daga wannan jerin na 2016 Nvidia ta daina wannan hanyar. Abin da ake yi, a ɗauki tsohon kati irin GTS 450, a canja masa suna a ciki, Windows ta nuna maka 1050 Ti, ka buɗe gem ya faɗi. Wataƙila shi ma mai shagon haka aka sayar masa, ban ce ya sani ba, amma ka bar shi. Ko na gasken ne ma ya tsufa, tun Oktoban 2025 aka daina fitar masa da direbobin sababbin gem, wato manhajar da ke sarrafa katin, saura na tsaro kawai. Jerin GTX 16 da RTX har yanzu ana yi musu.

RX 6400 wat 53 ne, zai shiga, amma layi huɗu kawai yake amfani da su a ramin, kuma an yi shi ne don rami nau'in PCIe 4.0. Naka 3.0 ne, zai yi asarar ƙarfi. Ba ya kuma da sashen naɗar bidiyo, in kana son ka ɗauki wasanka ka ɗora a TikTok.

Ɗan Argungu, kai ma duba naka. Da yawa daga RX 580 masu araha da ke yawo 2048SP ne, wanda a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne, domin SP ƙananan sassan lissafi ne da ke cikin katin, kuma na asali 2304 yake da su. Kuma yawancinsu sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana, sai da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina wannan tsarin a Satumban 2022 aka juye su kasuwa, aka sa musu sabuwar riga.

Ɗan Argungu:
Na duba da GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, 2304 ne nawa, alhamdu lillahi. Amma gaskiya fankarshi na da ƙara da rana. Ni dai akwatina babba ne kuma fawa-fak 550 gare ni, shi ya sa ban lura da matsalarshi ba.

Baban Khalifa:
Ni kuwa tambaya gare ni. In ƙwallo da GTA ne kawai, me ya hana ka sayi PS4 na hannu? Ka jona a talabijin, babu direba, babu buɗe akwati.

Ɗan Badariya:
Yallaɓai, na yi wannan tunanin. Amma ina karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ɓangaren zanen gini, kuma ina son kwamfutar ta riƙa ja mini manhajojin zane irin AutoCAD da SketchUp. Da wannan hujjar ma Baba ya yarda ya cika mini kuɗin.

Baban Khalifa:
To madalla, kati ne maganinka. Allah Ya ba da sa'ar karatu.

Mai Gyara na Jega:
Tunda haka ne, ga abin da zan yi in ni ne. Ka fara tambayar farashin RTX 3050 mai 6GB a wurare uku ko huɗu, Kano da Sakkwato da Legas, domin farashin yana bin dala, na makon jiya ba na yau ba ne. In ya shiga kuɗinka har da RAM, shi ke nan. In sai ka bar RAM za ka iya sayensa, ni zan ɗauki 1650 da RAM in ajiye sauran.

Zuwa da kai ya fi aike. In za ka iya, ka ɗauki akwatin ka je da shi, a soka katin a gabanka. Ka buɗe GPU-Z ka ga suna da yawan giga sun dace da abin da ke kwali, kuma babu kalmar FAKE a gaban sunan. Ka kunna FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, ko gem na minti 15 zuwa 20, idonka a kan zafi. In ya wuce digiri 85 yana ta hawa, ko ka ga ɗige-ɗigen launi da zane-zane a allo, ko allon ya yi baƙi ya dawo, a cire. Ka juya fankar da yatsa kafin a kunna, kada ta yi gurnani ko lilo. Ka dubi nocin da ke bayan katin, in kawunansu sun cinye an sha buɗe shi. In kuwa dole sai ta mota za a aiko, ka sa ya yi maka bidiyon gwajin da lambar jikin katin a fili, kuma ku yi magana a rubuce cewa kana da kwana bakwai na mayarwa. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, ka nemi wani.

Ɗan Badariya:
Allah Ya saka da alheri, Injiniya. Ranar Asabar zan shiga Sakkwato da akwatin. Tambaya ta ƙarshe: monitata VGA kawai gare ta.

Mai Gyara na Jega:
Sai ka sayi 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA, ba ta da tsada, ka je da ita a gwada tare da katin. In kuma akwai talabijin mai HDMI a gida, hotonsa zai fi kyau. Da ka saka katin, wayar allo a jikinsa za ka soka, can ƙasa, ba a ramin bod na sama da ka saba ba. Kuma lokacin hunturu ka riƙa buɗe akwatin duk wata kana hure ƙura, ka riƙe fankar da yatsa yayin da kake hurawa.