An yi min tayin Corolla a araha amma babu takardu, ku ba ni shawara dan Allah

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani dillali da ya nuna min Corolla 2005 jiya da yamma a wajen Kwangila a nan Zariya, wallahi motar tsaf take, injin shiru, AC na aiki, giya ba ta fizga. Miliyan 3 da rabi ya ce, alhali irinta da na zagaya na tambaya babu ƙasa da miliyan 5. Matsalar ɗaya ce, wai takardunta sun ɓata lokacin da mai ita ya yi ƙaura daga Kaduna, abin da ke hannu kawai fotokwafin lasisi ne wanda ya ƙare tun tuni, kuma wai mai motar yana Abuja ba zai samu zuwa ba, shi ya wakilta. Ya ce in ban kawo kuɗi zuwa Alhamis ba akwai mai jira. Ni kuma kuɗin nan adashi ne da kuɗin wani fili da na sayar, burina in riƙa kai yara makaranta in huta da kuɗin keke napep. Masu sani me kuka gani?

Oga Bakanike Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin maganar takarda ma ka fara duba motan da kanta, don takarda ana iya bugawa a shago amma ƙarfe sai an wahala. Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi a haɗe, kuma babu I babu O babu Q a cikinta, in ka ga ɗaya daga cikinsu to wani ne ya zauna ya ƙirƙira. In ƴar Amurka ce na goma a jere shi ke nuna shekara, ta 2005 za ka ga 5 a wurin. Ka duba ta ƙarƙashin gilashin gaba ɓangaren direba, ka duba sitikan da ke jikin ginshiƙin ƙofa, sannan wanda aka buga a jikin ƙarfen bodi, dole su zama iri ɗaya duka, su kuma yi daidai da wannan fotokwafin da ya nuna maka. Ka sa yatsa ka shafa wurin. In ka ji gurji-gurji kamar an bi da giranda, ko fentin wurin ya fi na kewaye sheƙi, ko ka ga alamar walda ta zagaye lambar, yanke ta aka yi daga wata mota aka liƙa. Mun sha ganin irin wannan a gareji, mutum ya kawo gyaran birki mu ɗaga kafet mu ga abin da shi kansa bai sani ba. Lambar inji ma ka sa a goge maiƙon a karanta. Kuma kar ka yarda a je gani da yamma, da rana tsaka za ka je, da naka bakaniken ba wanda dillali ya kawo ba.

Baban Khadija:

Ɗan uwa abin da ya tsaya min a rai a labarinka ba ɓatan takardun ba ne, rashin mai motar ne. Takarda kan ɓata, gobara kan ci, kuma akwai hanyarsa, mai ita ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya je wajen ƴan sanda su ba shi takardar shaidar ya kai rahoto, daga nan a nemo bayanin rijistar a inda aka yi ta. Tunda motar tana da lamba to tana da suna a kwamfuta, Road Safety suna da shafin da ake sa lambar mota a ga ko ta gaske ce da irin motar da aka ba wa ita, ƴan sanda kuma suna da rijistar CMR inda ake shigar da motocin da aka kai ƙarar sacewa. Duk wannan bai kai ko kusa da miliyan ɗaya da rabin da aka sauke maka ba, to ka tambayi kanka wane mai hankali ne zai yar da wannan kuɗin don ƙyuyar zuwa kotu na yini guda.

Sai maganar kwastam wadda mutane ke mantawa, sai an tare su a hanyar Kano ko ta Kaduna su fara kiran waya. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, amma ba a fasa shigowa da su ta daji ba daga Kwatano da ta Nijar, kuma da yawansu an san yadda aka yi aka saka musu lamba ba tare da an biya diyuti ba, wato kuɗin fiton kwastam. Lamba daban diyuti daban. Ofishin kwastam masu sintiri na shiyyar nan a Kaduna yake, kuma ba ruwansu da cewa kai na uku ne ko na huɗu da ka saya, a hannun wanda aka gan ta ake karɓe ta. A 2024 sun taɓa buɗe ƙofa ta ɗan lokaci a je a biya diyutin, kar ka ɗora lissafinka a kan za a sake. Ka ce ya kawo takardar diyutin ka kai ofishinsu a duba lambar, in babu to ka sani akwai bashi a kan motar kuma kai za ka gaje shi.

Ko da komai ya fito lafiya, yarjejeniya a rubuce da mai ita na asali, hotonsa da katin ɗan ƙasansa, shaidu biyu, kuɗi ta banki zuwa akawun mai sunan da ke kan rijista, ba kash ba, ba akawun dillali ba. Sannan ka yi canjin suna nan take a ofishin rijista na jiha.

Direban Golf Zariya-Funtuwa:

Ni fa ina ganin kuna tsorata yaron nan da yawa. Motoci nawa ke yawo tsakanin PZ da Tudun Wada da cikin birni da ba su da diyuti? Talaka in ya ce sai komai ya cika ba zai hau mota ba har abada, tunda kai yara makaranta ne kawai ba doguwar tafiya ba ai kwastam ba sa bin unguwa-unguwa. In dai ba ta sata ba ce ya saya ya lallaɓa. A nan ne kawai ba na wasa, ta sata ko kyauta aka ba ni ba na so.

Maman Sadiq Gyallesu:

Yaya direba to ai nan gizo ke saƙar, ta ina zai gane ba ta sata ba ce tunda babu takarda babu mai ita? Ƙanin maigidana haka ya sayi wata Honda, shi ma cewa aka yi cikin gari kawai, ya yi mata fenti ya sa sabbin tayoyi ya gyara kujeru, matarsa har turaren wuta take sa mata. Ranar da aka zo ɗaukarsa a gaban ƴaƴansa aka sa shi a mota da silifas ɗin alwala a ƙafarsa, ashe ƙwace ta aka yi da bindiga a wata jiha. Lambar dillalin a kashe, wanda ya haɗa su ya ce shi ma a hanya ya san shi. Sai da aka nemo lauya aka yi ta zirga-zirga kafin beli, don a doka sayen kayan sata laifi ne mai zaman kansa kuma kalmar ban sani ba tana da wuyar karɓuwa in an ga farashin da ka saya da rashin takarda. Mota ta koma ga mai ita, kuɗi ya tafi, har yau a unguwa wasu kallon da suke masa daban ne. Kuma yanzu da ake amfani da motoci wajen satar mutane abin ya wuce asarar kuɗi. Ƙanina kuɗin fili ne fa, dan Allah ka ƙara haƙuri ko ƙaramar mota ce ka samu mai cikakkun takardu.

Inshorar ma da ake raina wa ta koma dubu 15 tun 2023, ga lasisi ga takardar shaidar lafiyar mota, ga ƴan KASTLEA masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna a kan titi, duk da wane suna zai sabunta su?

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shi ɗazu bayan la'asar na ce zan biya wa mai motar kuɗin mota daga Abuja zuwa da komawa, mu je kotu tare mu je wajen ƴan sanda a duba lambar shasi, in ta fito lafiya a take zan yi tiransifa. Sai ya ce Alhaji ba ya son hayaniyar hukuma, amma zai rage min dubu 200 in na kawo kash yau da dare. Na ce masa na fasa. Oga Bakanike in ba damuwa zan leƙo Sabon Gari ranar Asabar, akwai wata Civic da wani malami a makarantarmu zai sayar, shi ya yi mata rijista da sunansa, ina so ka duba min ita.