Tallafin sayen gida a Amurka: in karɓa ko in haƙura?

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hukumar garinmu ta amince ta ba mu dala 30,000 daga shirin HOME na tallafin gidaje mu yi kafin alƙalamin gida. Sharaɗin shi ne mu zauna ciki shekara 10, in mun sayar kafin nan mu mayar da kuɗin. Ga shi aikin maigida na iya kai shi wata jiha. Wanda ya taɓa karɓa ya ba ni shawara.

Abu Sadiq: Wa'alaikumussalam. Hajiya ki nemi Section 8, tallafin kuɗin haya na gwamnati, kashi 30 cikin 100 na samunku kawai za ku biya.

Maman Husna: Malam ai wannan haya ce, ni maganar saye nake.

Auta: Yayana kashi 40 ya fara biya, don hayar gidan ta wuce iyakar da aka yanka.

Inna Talatu: Kar ma ku tuna min. Shekara shida ina layin Section 8. Ranar da wasiƙa ta fito, tsohon adireshina ta je, ni kuwa ina asibiti ina jinyar ɗana. Da na je ofis, matar ta juyo min kwamfuta, sunana babu. Na zauna a tashar bas da takarduna a cinya, wallahi har bas biyu suka wuce ban iya tashi ba.

Auta: Allah ya saka miki Inna. In na zama magajin gari, ke ce ta farko a layi!

Malam Garba: Ku bari wanda ya karɓa ya yi magana. Tun 1990 aka kafa HOME. HUD, ma'aikatar gidaje ta tarayya, ke ba jihohi da garuruwa kuɗin, kowa ya tsara yadda zai karɓi abinsa. Namu bashin raguwa yake duk shekara. 'Yar'uwa, duba takardarki, in naku ma haka ne ki karɓa.

Abu Sadiq: Sauran kuɗin fa, ba banki za su ci da ruwa ba? Malamai ya kamata ta tambaya.

Malam Garba: Kai da ba ka taɓa cike fom ɗin ba?

Inna Talatu: Ni masu gidaje ne suka ishe ni. Maƙwabciyata ta samu takardar tallafin hayar, gida tara ta zaga, da sun ji Section 8 sai su ce an riga an kama. A birnin New York doka ta hana wannan, amma wa zai tsaya mata?