Yarona na tari da dare, na'urar auna iska kuma ta ƙi sauka

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 7, yana da asma, gidan kuma yana bakin babban titi. Na sayi na'urar auna PM2.5, wato ƙananan ƙwayoyin ƙura da ke cikin iska, da rana tana nuna 25, da dare a ɗakinsa har 90. Na rufe tagogi, na cire kafet, na canja labule sau biyu, na sa masa na'urar fesa danshi, ruwan famfo nake zuba mata. Tarin bai ragu ba, inhelarsa kuwa sau huɗu a mako. Me kuma ya rage?

Injiniya: Hajiya, matatar iska ta HEPA, mai kama ƙananan ƙwayoyin ƙura, ita ce maganin, ba wata ba. PM2.5 ƙura ce da kaurinta bai wuce maikromita 2.5 ba, silin gashi ya ninka ta kusan sau 30. Manyan ƙwayoyi hanci ke tarewa, waɗannan kuwa har ƙananan jakunkunan huhu suke shiga su tayar da kumburi. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shi ne matsakaicin maikrogiram 15 a kowace kyubik mita ta iska cikin awa 24, ke kina 90. Auna ɗakin: in 4 ne a 4, tsayi mita 3, kyubik mita 48 ke nan. Ki ninka da biyar, ki nemi matata mai tace kyubik mita 240 na iska a awa. Kada ki jingina ta da bango, ƙofa a rufe. Ki guji na'urorin tace iska masu fitar da iskar ozon, su ma ƙaiƙayin huhu suke sawa.

Ma'aikaciyar jinya: Wace inhela ce, 'yar uwa? In salbutamol ce kaɗai, buɗe hanyar iska kawai take, ba ta taɓa kumburin. Fiye da sau biyu a mako alama ce asmar ba ta kwanta ba. Ki koma wurin likita a duba batun ta kariya, irin su beclometasone, kullum, da kwalbar shaƙa da ake haɗawa da bakin inhela, ya kuskure baki bayan nan. In ya kasa ƙarasa magana, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓe ya yi shuɗi, asibiti nan take. Abin da ke ban haushi, a kashe kuɗi kan na'urori a bar magani.

Wani ɗan uwa: Kashe na'urar danshin nan kwana uku ki ga. Irin mai fitar da hazo mai sanyi tana watsa gishirin ruwan famfo cikin iska, ma'aunin kuma yana ƙirga shi, yana ma ƙara lamba in laima ta yi yawa. Sannan ki riƙa buɗe taga idan motoci sun ragu.

Injiniya: Taga a bakin titi? Hayaƙin dizal za ta kwaso. A rufe.

Wani ɗan uwa: Malam, hayaƙin girki da na kyandir kuma ta ina zai fita?

Mai tambaya: Na gode, amma danshin nan shi ke sa shi barci, ba zan kashe ba. Inhelar shuɗiya ce, wato salbutamol ɗin. Waccan ta kullum ina tsoron ya saba da ita.

Ma'aikaciyar jinya: Ba ta sa sabo. Yaushe rabon da likita ya gan shi?

Injiniya: Hajiya, har yanzu ba ki faɗi girman ɗakin ba.