Abin da Aka Yi Maka da Abin da Ka Yi wa Kanka

Zancen ya taso ne daga ƙorafin wani matashi da ya gama bautar ƙasa, yana cewa samun aiki yanzu sai mai uwa a gindin murhu. Ba wanda ya ƙaryata shi, domin kowa a majalisar ya san ɗan wane da aka kai wa takardar ɗaukar aiki har gida.

Inda aka fi daɗewa shi ne raba zaluncin da aka yi maka da sakacinka. Wani dattijo ya tambaye shi: "Yaro, naira 77,000 da ake ba ku duk wata tun 2025, nawa ka ajiye?" Ya sunkuyar da kai, yana murza sabuwar wayarsa. Dattijon ya ce wannan kam ba gwamnati ce ta ci ba. Aka shawarce shi ya ci gaba da neman aikin, amma kafin ya samu ya zauna gaban mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ko ya yi yaron shago a Kantin Kwari, digiri ba ya hana koyon sana'a. Malamin unguwa ya ƙara da hadisin nan: ɗaure raƙuminka, sannan ka yi tawakkali.

Akwai wanda ya ja hankali cewa kada a wuce gona da iri, kuma ina tare da shi sosai. Manomin da ambaliya ta cinye masa shinkafa a Hadeja ba laifinsa ba ne, taimako yake buƙata, kuma a ci gaba da neman masa haƙƙinsa wurin hukuma.