Neman shawara: ingarmana ya yi ƙiba har majayi ya daina kaiwa

Mai tambaya, daga Zango: Assalamu alaikum masu dawakin Damagaram. Ina da kili mai shekara 9, gadon mahaifinmu. Ba a ɗaura masa sirdi sai hawan sallah. Sauran shekara yana turke, gero safe da yamma, ga dusa, ga harawar wake. Yanzu wuyansa ya yi tozo, ɗan kilisa kaɗan sai haki. In na rage masa abinci rabi, zai sauka kafin babbar sallah?

Wani dattijo daga Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, dokin hawa ai da jiki ake ganinsa. Ka ba shi kanwa a ruwa, ka riƙa fita da shi bayan asuba. Ƙibar zama ce.

Likitan dabbobi: Baba, Allah ya ƙara girma, maganar kilisa gaskiya ce, amma tozon nan ya fi ƙarfin kanwa. Kitsen wuya alama ce cewa dokin na kusa da ciwon kofato, wanda naman cikin kofaton ke kumbura har ya kasa taka ƙasa, kuma hatsi na cikin manyan masu jawo shi. Malam, kada ka raba abincin biyu haka kawai. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya daina zubo ruwan tsami ko babu komai a ciki. In ya yini da yunwa sai gyambon ciki. Geron za ka janye, a hankali cikin mako 2, dusa ta bi baya. Ciyawa kuwa tana nan. Busasshiyar ciyawa ta kai kashi ɗaya da rabi cikin 100 na nauyinsa a yini: dokin kilo 350 ke nan kilo 5 da ɗan ɗoriya, a raba sau 4 ko 5, kaso mafi tsoka da dare. Harawar wake ta fi ciyawar daji maiƙo nesa, sai ta zama 'yar mahaɗi. Gishiri da ruwa kada su yanke.

Wani mai sayar da harawa a Kasuwar Dole: Likita, ka rage mini ciniki! Amma fa a auna da sikeli, dami ba awo ba ne. Wani damin ya ninka wani.

Mai tambaya: To ina zan ga sikelin da zai ɗauki doki?

Likitan dabbobi: Awon tela ya isa. Auna kewayen ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama, da tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, da santimita. Kewaye sau kewaye sau tsawo, raba da 11,880, ka sami kilonsa kusa-kusa. Maimaita duk mako 2. Kilo 2 zuwa 3 a mako ya wadatar, don haka aikin watanni ne, kada sallah ta sa ka gaggawa. Kafin ka fara fita da shi taɓa kofatansa: in da zafi, ko yana ɗosana ƙafafun gaba, bar kilisar ka kira a duba shi.

Wata uwar gida daga Mirya: Yaya, ka ja kunnen mutanen gida. Namu ana aunawa da rana, da dare yara su juye masa ruwan tsari da sauran tuwo don tausayi. In damina ta faɗi kuma kada a sake shi cikin sabuwar ciyawa ya yini.

Dattijon Birni: To, na ji. Amma haƙarƙari in ya fito a gaban fada, babu ruwana.

Likitan dabbobi: Ba zai fito ba, Baba. Hannu ne zai ji shi in an shafa, ido ba zai gani ba.